Ra'ayi: Fina-finan Da Muke Tsallakewa Su Ne Ke Ɗauke Da Labarinmu

Wani dare cikin sanyin bara, a fadarmu ta nan Maraɗi, bayan an sha shayi na farko, na buɗe kwamfuta na ce yau ni zan zaɓi fim. Abokai suka yarda, bisa sharaɗin in minti goma suka cika babu faɗa za a koma wa Indiya. Na sa musu Atlantique, fim ɗin Mati Diop ƴar asalin Senegal, wanda ya fito a 2019. Minti goma suka wuce, babu faɗa babu rawa, sai leburori na rigimar albashi, sai teku na ta kaɗawa. Mutum biyu suka ciro waya. Ɗaya ya ce, "Kai ɗan jarida, wannan ai labaran dare ka kunna mana." Aka yi dariya. Wanda bai yi dariya ba shi ne wani abokinmu da ya yi shekara biyu yana aikin gini a Aljeriya, aka maido shi ta Asamaka daga shi sai kayan jikinsa. Shi ne ya ce a bar fim ɗin ya ci gaba.

Ga labarin a taƙaice. Wasu samari a Dakar suna gina wani dogon bene, mai kamfani ya riƙe musu albashin watanni. Da suka gaji sai suka shiga kwalekwale cikin dare suka nufi Sifaniya, ruwa ya cinye su. Bayan ƴan kwanaki zazzaɓi ya fara kama ƴan matan da suka bari a unguwa. In dare ya raba sai ƴan matan su tashi, idanunsu fari fat, su taka har gidan mai kamfanin, su zauna a falonsa, su ce da bakin mamatan a biya su kuɗinsu. Daga ƙarshe suka kai shi maƙabarta suka sa shi haƙa kaburbura, tunda gawarwakin suna can ƙarƙashin ruwa. Da aka kawo nan, babu wanda ya sake taɓa waya.

Bayan fim ya ƙare aka yi shiru, shayi na uku har ya huce. Sai abokin nan ya ce, "Wallahi da matattu na tashi, na san ƙofar da wasu za su fara bugawa. Ni kaina wata huɗu nake bin wani mutum can." Shekara guda da dawowarsa, kullum muna tare, bai taɓa faɗin wannan ba. Ni kuwa na rubuta rahotanni da dama kan ƴan ci-ranin da ake maidowa, da adadinsu da jawabin hukuma da hoton motoci, amma babu rahoton da ya taɓa buɗe bakin mutum kamar yadda wannan fim ya yi.

Abin da nake so in ce wa matasa ƴan uwana, na gida da na waje, shi ne mun yi saurin yanke hukunci kan wasu fina-finai. Na ban tsoro mun ce shirme ne na jini da ihu. Masu tafiyar hawainiya, waɗanda ake kira na fasaha, mun ce na Turawa ne da ƴan boko masu son a ce sun iya. Tsofaffin fina-finanmu na Nijar kuwa ko hukuncin ba mu yanke musu ba, don ba mu san da su ba. Alhali a cikin waɗannan ukun ne aka fi faɗin gaskiyar abin da ya fi damun tsaranmu: tafiya biɗa, da abin da ake tararwa can, da yadda ake dawowa.

Bari in fara da na ban tsoro. Akwai irin fim ɗin da ake yi da ƙaramin kuɗi, manya su raina shi, amma ya samu ƴan gani-kashe-ni da za su riƙe shi shekara da shekaru, wannan ya miƙa wa wancan har ya zama abin tarihi. Babban misali shi ne Night of the Living Dead na George Romero, wanda aka yi a Amurka a 1968, baƙi da fari, da kuɗin da bai fi dalar Amurka dubu 100 ba da kaɗan. Gawarwaki sun tashi suna cin mutane, wasu bayin Allah sun ɓuya a wani gidan gona. Jarumin, Duane Jones, baƙar fata ne, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Shi kaɗai ya kai safe da rai. Da gari ya waye sai rundunar fararen fata masu farautar gawarwakin suka hango shi ta taga suka harbe shi. Fim ɗin ya fito watanni shida bayan kisan Martin Luther King. Duk wanda ya kalle shi ya san gawarwakin nan ba su ne suka fi ban tsoro a ciki ba.

Haka fim ɗin tsoro na ƙwarai yake aiki: ya nuna maka dodo don ka yarda ka zauna, sannan ya nuna maka mutum. Dubi His House, wato gidansa, na Remi Weekes, 2020. Miji da mata daga Sudan ta Kudu sun tsere wa yaƙi, sun ƙetare teku, yarinyar da ke tare da su ta nutse a hanya. A Ingila aka ba su wani ruɓaɓɓen gida da sharuɗɗa: ba aiki, ba ƙaura, ɗan kuɗin cefane duk mako, in suka karya doka a maida su. Sai ga motsi cikin bango, ga muryoyi. Mijin na son ya manta, ya sa kaya irin na mutanen garin, ya ci abinci da cokali. Matar ta ce akwai bashin da suka taho da shi, kuma mai bin bashin ya biyo su. Ba zan tona sirrin ba, amma ya shafi abin da mutum ke iya aikatawa don ya samu wurin zama a motar ƙarshe. Wanda ya taɓa hawa bayan Hilux daga Agadas zai gane tambayar tun kafin a yi ta.

Ko kuma Nanny na Nikyatu Jusu, wadda iyayenta mutanen Saliyo ne. Wata ƴar Senegal na rainon ƴar masu kuɗi a New York, tana tara abin da za ta ɗauko ɗanta da ta bari a gida. Uwar ɗakin na yi mata wasa da albashi, ita kuwa ruwa ya fara bin ta a mafarki da ido biyu. A 2022 ya ci babbar kyautar bikin Sundance, karo na farko da fim ɗin tsoro ya ci ta. Ƴan uwanmu mata nawa ne ke goya ɗan wani a ƙasar waje, nasu kuwa sai dai su gan shi ta WhatsApp?

Me ya sa sai an kawo fatalwa kafin a faɗi waɗannan? Don akwai maganar da ɗan biɗa ba ya iya yi da bakinsa. In ya kira gida, amsar ɗaya ce: lafiya lau, aiki da godiya. Ba zai ce wa tsohuwa an cinye masa albashi ba. Ba zai ce wanda suka tashi tare ya faɗi a sahara, mota kuma ba ta tsaya ba. Kunya da bashi da nauyin cewa kai ka rayu wani ya mutu, duk suna nan a ciki, ba su da wurin fita. Fatalwa ba ta jin kunya, ba ta tsoron a kore ta daga ƙasa, ba ta da takardun da za a ƙwace. Shi ya sa masu fim ke ara mata baki.

Yanzu mu dawo gida, don abin takaicin a nan yake. Tun kafin a haifi yawancin iyayenmu, ƴan Nijar sun riga sun yi fim kan ɗan biɗa. A 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier: wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka canza suna, suka hau dawakai suka hana ƙauye sakat. Fim ne na dariya, bai fi ɗan rabin awa da kaɗan ba, amma ka cire hular kaboyi ka sa abin da muke kwaikwayo a TikTok yau, ka ga ko ya tsufa. A shekarar dai ya yi Bon voyage Sim, fim ɗin zane na ƴan mintoci inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da dukan tarkacen faretin da muka sani. Mutumin nan yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka, kuma a Tawa ya yi zamansa na shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015.

Sai Oumarou Ganda. Shi kansa ɗan biɗa ne: ya yi sojan Faransa a yaƙin Indochine, ya yi dako a tashar jirgin ruwan Abijan, can Jean Rouch ya same shi ya sa shi a Moi, un noir a 1958. Da ya riƙe kyamara da kansa sai ya yi Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969: tsohon soja ya dawo Yamai da kuɗi, abokai da mata suka yi masa caa, kuɗi suka ƙare, kowa ya watse. A kowace unguwa ta Maraɗi da Damagaram akwai wanda wannan labari ya faru da shi, sai dai shi daga Libiya ko Abijan ya dawo. A 1972, da aka fara ba da babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, Ganda ne ya fara ɗaukarta da Le Wazzou polygame. Har yau kyautar da bikin ke ba mai fim ɗin farko sunansa take ɗauke da shi.

Masu son aljanu ma ba a bar su ba. Toula, wanda Alassane ya yi tare da Anna Soehring daga labarin Boubou Hama, an yi shi ne a shekarun babban farin 1973 zuwa 1974. Ruwa ya ɗauke, boka ya ce aljanin tafki na son budurwa, zaɓi ya faɗa kan ƴar gidan sarki. Saurayinta ya bazama neman ruwa don ya cece ta, ya samo, ya dawo ya tarar an riga an yi. Wa ake sadaukarwa in gari ya shiga uku, kuma wa ke yanke shawarar? Wannan tambaya ba ta buƙatar fassara a ƙasar da ta san fari da yunwa.

Su waɗannan fina-finai suna da ƴan gani-kashe-ni, sai dai ba a nan suke ba. A 2017 babban gidan adana fasahar zamani na New York, MoMA, ya shirya nunin ayyukan Moustapha Alassane. Akounak Tedalat Taha Tazoughai, fim ɗin Tamashek na 2015 da aka ɗauka a Agadas da Mdou Moctar bisa salon Purple Rain, ya zaga ƙasashe, masoya kiɗan jita na neman sa. Mu kuwa mun san Oumarou Ganda a matsayin sunan cibiyar al'adu ta Yamai inda ake zuwa kallon mawaƙa. Zalika Souley, wadda ta fito a fina-finan mutanen nan biyu, ta sha zagi a titi saboda rawar miyagun mata da take takawa, daga baya ta je ƙasar waje aikatau, kamar yadda Rahmatou Keïta ta nuna a Al'lèèssi. Ta rasu a 2021. Ni da na yi makarantar aikin jarida, sai bayan rasuwarta na fara ganin fuskarta a fim. Wannan laifina ne, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Na san akwai masu ja, kuma ba duka maganarsu ce ta banza ba. Na farko za su ce fim ɗin tsoro ɓata tarbiyya ne, ga tsiraici ga jini ga wasa da sha'anin aljanu. Gaskiya ne da yawansu ba su da komai sai yanka da ƙazanta, kuma irinsu ne suka fi yawo a wayoyin yara. Ban ce a kalli kowane ba, ban ce a zaunar da ƙananan yara gaban ko da masu kyan ba, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu da kallon ba ya bi zuciyarsa. Amma mu tuna kakanninmu ba su taɓa ganin tsoratarwa da labari a matsayin baƙon abu ba. Dodo na cikin tatsuniya, kuma duk wanda ya taso a gaban kaka ya san ba don a yi imani da Dodo ake ba da ita ba, don a gane makomar mai kwaɗayi da mai ƙin jin magana ne. Masu son Indiya su nemi Tumbbad na 2018, su ga tatsuniyar kwaɗayin zinariya da aka yi da hoto mai tsayawa a rai.

Na biyu za su ce waɗannan fina-finai na sa barci. Wasu kam suna sawa, ba na musu. Amma mu ne fa masu zama awa uku gaban fim ɗin Indiya, mu bi shiri mai dogon zango har kashi ɗari, mu yi dare guda kan shayi kofi uku. Haƙuri ba shi muka rasa ba, sabo ne ya yi mana yawa: an koya mana duk minti biyar a yi mari ko waƙa. Yeelen na Souleymane Cissé, ɗan Mali, wanda ya ci kyauta a Cannes a 1987, labarin uba ne matsafi da ke farautar ɗansa don ya kashe shi. Yana tafiya a hankali kamar mai ba da labari da ya san babu inda za ka. Ka ba shi minti 20 ba tare da waya a hannu ba, sannan ka yanke hukunci.

Ja na uku shi ya fi nauyi: an yi su da kuɗin Turawa, don idon alƙalan Turawa, kuma abin da suke so su gani a wurinmu shi ne talauci da bori. Wannan zargi ya daɗe. Les Maîtres fous na Jean Rouch, wanda ya ɗauki ƴan ci-ranin Nijar masu bautar Hauka a Akara suna kwaikwayon gwamna da sojojin mulkin mallaka, ya tada ƙura tun 1955: ɗaliban Afirka a Paris sun ce ya wulaƙanta mu, hukumar Ingila kuma ta hana nuna shi don ta ga kanta a ciki. Ousmane Sembène ya taɓa zargin Rouch ido da ido da cewa irinsa na kallon ƴan Afirka kamar ƙwari. To amma Sembène ya kalla kafin ya yi magana. Haka ɗan Damagaram ke da cikakken haƙƙi ya ce Zinder na Aïcha Macky, fim ɗin 2021 kan matasan fale na Kara-Kara, ya faɗi gaskiya ko ya rage wani abu. Da Hausa aka yi shi, ƴar garin ce ta yi shi. Hoton da duniya ke kallon ka da shi, in ba ka gan shi ba, da me za ka ƙaryata shi ko ka gaskata?

Saura matsalar da ta fi duka: ina za a same su? Gidajen sinima irin su Vox da Rex da Zabarkan da iyayenmu ke ba da labari a Yamai sun zama tarihi. Mai tura fim a waya a bakin kasuwa abin da ake tambaya shi yake ajiyewa. Forfen intanet na da tsada, wuta na ɗaukewa, kuma da yawan fina-finan nan da Zabarmanci ko Wolof ko Bambara suke, fassarar ƙasan hoto kuma da Faransanci. Duk da haka ƙofa ba a rufe take ba. Fim ɗin Romero, saboda kuskuren da masu rarraba shi suka yi na rashin sa alamar haƙƙin mallaka, ya zama na kowa a Amurka, yana nan a intanet kyauta. Tsofaffin fina-finan Afirka kuma ana ta ceto su. Shaihu Umar, fim ɗin Hausa na Adamu Halilu na 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an ɗauka ya ɓata, aka gano shi a ma'ajiyar hukumar fim ta Najeriya, aka gyara, aka nuna shi a bikin Berlin a 2018. Tun 2017 akwai shirin da gidauniyar Martin Scorsese da UNESCO da ƙungiyar masu fim ta Afirka, FEPACI, suka ƙulla don gyara fina-finan nahiyar guda 50.

Don haka ga kirana. Télé Sahel da tashoshi masu zaman kansu su ware dare ɗaya a mako ga fim ɗin Nijar da na Afirka, da ɗan bayani kafin a fara. Cibiyar fina-finai ta ƙasa ta zauna da iyalan masu fim da masu riƙe da haƙƙi a samu izini, sannan a ba matasan da suka ƙware wajen juya Indiya zuwa Hausa aikin juya Cabascabo da Toula. In har Bahaushe ya iya sa jarumin Mumbai ya yi karin magana, sa tsohon sojan Yamai ya yi Hausa ba zai gagara ba. Ƴan uwa na waje, ku ne ke kusa da ɗakunan karatu da sinimomi da manhajojin da waɗannan fina-finai ke ciki. Ku kalla, ku faɗa mana wanda ya dace, in kuna tahowa ku riƙo faifan asali guda a cikin tsaraba, ba zai kai nauyin turare ba. Mu kuma ƴan jarida mu rage cika shafin nishaɗi da labarin wa ya auri wa, mu rubuta sharhin fim ko da guda a wata.

Sauran kuwa aikin fada ne, ba ya jiran kowa. Mu a tamu mun sa wa kanmu doka: daren Asabar ɗin farko na kowane wata, mutum ɗaya zai kawo fim ɗin da babu wanda ya taɓa gani, ba a tashi sai ya ƙare, bayan nan kowa ya faɗi abin da ya gani, har da mai cewa ɓata lokaci ne. Wasu daren ana yin barci, wasu daren gardama ta kai mu ƙarfe biyu. Watan jiya abokin nan na Aljeriya ne ke da zaɓi. Ya kawo Cabascabo, kuma da aka zo inda abokai suka watse, shi ya fara yin dariya.